Motar tserena ta mutu a fili bayan minti 4: batir ne jabu ko sanyi ne?

Ɗan Gwammaja (Lids): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wa ya san kan ƙananan motocin tseren nan na rimot? Tun watan Mayu nake da wata mai batir, irin ta kashi 1 cikin 10 na girman motar gaske. Duk lokacin zafin nan caji ɗaya kan kai ni minti 15 zuwa 20 ina zagaye a wani filin ajiye motoci kusa da mu. Jiya Asabar na fita da hantsi, waya na nuna digiri 1, ko minti 4 ba a yi ba ta fara ja da ƙyar kamar jakin da aka danƙara wa kaya, can sai ta tsaya cik. Abin da ya ɗaure mini kai, da yamma na ɗora batirin a caja sai ta nuna da sauran fiye da rabi a ciki. Ga kuma hannun da ke riƙe tayar gaba ya karye daga ɗan bugun dakali, irin bugun da a da ko gezau ba ta yi. Mai shago ne ya haɗa ni da jabu, in koma masa?

Injiniya (Winnipeg): Wa alaikumus salam. Kafin ka je ka ɗauki alhakin bawan Allah, a ina batirin ya kwana daren Juma'a?

Ɗan Gwammaja (Lids): A but ɗin mota. Na yi cajinsa da daddare na haɗa kaya tun da wuri don kar in manta.

Injiniya (Winnipeg): To shi ke nan, an kama ɓarawo, kuma ba mai shago ba ne. Batirinka LiPo ne, wato mai sinadarin litiyam, mai ƙwaya 2 ko? Kowace ƙwaya idan ta cika tana kan volt 4.2, biyun 8.4 ke nan. A cikin ƙwayar akwai wani ruwa da sinadarin litiyam ke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Da sanyi ya kama shi sai ratsawar ta yi nauyi. Cajin yana nan bai je ko'ina ba, fitowarsa da sauri ce ta gagara. Kana danna totur, motar ta nemi wuta mai yawa a lokaci guda, sai ƙarfin ya zube ƙasa na ɗan daƙiƙa. Ita kuwa na'urar da ke raba wa injin wuta an saita ta ne ta yanke idan ƙwaya ta sauko wajen volt 3.2, don kar batir ya lalace. Tana ganin zubewar nan sai ta ɗauka ya ƙare. Da ya shiga ɗaki ya ji ɗumi ai ka ga ya farfaɗo.

Mu nan Kanada da ake kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, waya ma mutuwa take yi a hannunka kana tsaka da magana. Ciwon ɗaya ne.

Kawu Tanko (Kano): Ikon Allah. Wai magidanta da gemu ne ake ta wannan bayani a kan motar wasan yara? Ɗan Gwammaja, an tura ka karatu ka ɓige da tuƙin motar gwangwani a cikin ƙanƙara.

Ɗan Gwammaja (Lids): Kawu ku yi mini rai. Ai ku kuka koya mana, ku da kuka yi tashen motar kara.

Baban Ilham (Mancesta): Kawu Tanko, Allah ya ja kwana, da za ku zo wajen tseren ku ga masu furfura da kun janye maganar. A nan Birtaniya akwai ƙungiyar da ke kula da wasan, BRCA, tun 1971 take. Akwai ta duniya ma, IFMAR, da ke shirya gasar zakarun duniya. Ana liƙa wa kowace mota 'yar na'urar da ke ƙirga zagaye, tsere minti 5 ne ga yawancin masu batir, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Shekara ta 9 ke nan ina ciki, kuma a kulob ɗinmu ban kai tsakiyar masu shekaru ba.

Ɗan Gwammaja, batun hannun da ya karye, shi ma sanyi ne. Robar nan ta nailan ce, da zafi tana lanƙwasa ta dawo, da sanyi kuwa sai ta tsage kamar ƙwarya. Kowa a nan ya san daga Nuwamba ake fara yawan sayen hannaye. Ni idan na sayo sababbi nakan tafasa su a ruwa kamar minti 10, in bar su su huce a ciki, sannan in ɗaura.

Ɗan Damagaram (Liyon): Malam Baban Ilham, wannan dafa roba ɗin ba camfi ba ne kuwa? Ni na yi, kuma hannun ya karye a mako na biyu.

Injiniya (Winnipeg): Ba camfi ba ne, amma ba laya ba ce. Nailan yana shan danshi, kuma idan ya sha ya fi laushi. Gidajenmu a hunturu hita ta busar da iska ƙayau, kayan na zaune a haka wata da watanni. Tafasawa tana mayar masa da danshin. Sai dai akwai hannayen da aka cakuɗa robarsu da zaren kabon ko na gilashi don su yi tauri, waɗannan ko ka kwana kana dafawa ba wani canji mai yawa. Kuma wanda ya daki bango da gudu, sai dai haƙuri.

Ɗan Damagaram (Liyon): Bango ne kam. Na yarda.

Injiniya (Winnipeg): Bari in ƙarasa maganar batir don akwai wadda ta fi wannan haɗari. Amfani da shi a sanyi rage ƙarfi kawai yake yi. Cajinsa yana daskare shi ne ɓarna. Idan ƙwayar tana ƙasa da sifili ka tura mata caji, litiyam ɗin ba ya samun shiga inda ya kamata, sai ya taru a baki ya zama ƙarfe. Wannan ba ya gyaruwa, kuma shi ke jawo batir ya kumbura ko ya kama wuta wata rana. Ka shigo da shi ɗaki ya yi awa 1 ko 2 tukuna. Na biyu, kar ka cika shi taf a wuri mai sanyi sannan ka kai shi wuri mai ɗumi, don ƙarfin kan ɗan haura ya wuce 4.2. A ɗaki za ka yi caji, cikin jakar nan da ba ta cin wuta, kana kusa. Idan kuma za ka ajiye shi har sanyi ya wuce, ka sauke shi zuwa wajen 3.8 kowace ƙwaya, caja tana da wurin saita hakan.

Ɗan Gwammaja (Lids): Na gode Injiniya. To in sa shi a aljihun rigar sanyi har in isa fili?

Maman Afnan (Bamingam): A'a ƙanena, ba aljihun da makulli da tsabar kuɗi suke ba. Suna taɓa bakin wayoyin nan wuta ce a jikinka. Mu kular abinci muke sawa, da jakar ruwan ɗumi a naɗe da tawul a ƙasa, batir a sama. Ɗumi fa, ba zafi ba. Na taɓa ganin wani ya ɗora nasa a kan hitar zauren tsere, masu kula da wurin suka yi masa caa.

Baban Ilham (Mancesta): Gaskiyar Hajiya. A gasa ma sukan auna batir kafin ka ajiye mota, mai ƙwaya 2 kada ya wuce 8.4.

Amma ni shawarata ta wuce wannan duka. Ka daina wahalar da kanka a filin ajiye motoci. Daga Oktoba zuwa Maris yawancinmu ciki muke komawa. Kulob zai kama zauren wasannin wata makaranta ko na unguwa, a shimfiɗa kafet, a jera shinge da 'yan tudun tsalle, a yi tsere, a naɗe komai kafin a rufe. Ba ruwan sama, ba laka, ba gishiri. Riƙon ƙasa iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai ma ƙaruwa da yake yi idan tayoyi sun bi layi sun murje shi. A nan ake koyon tuƙi na gaskiya, don idan ka yi kuskure ba ka da iska ko raɓa da za ka ɗora wa laifi. Duk wanda na sani da ya yi hunturu ɗaya a kafet, da aka koma waje sai ka ga hannunsa ya faɗa.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): Na yi shiru ne ina jira a zo nan. Yallaɓai Baban Ilham, da girmanku, tseren kafet ai wasan kwamfuta ne da aka ba shi taya. Ba ƙara, ba ƙamshin mai, ba ƙurar da za ta tashi a kwana. Mota tana bin layi kamar an ɗaura ta a igiya. Ni tawa ta mai ce, kashi 1 cikin 8, kuma ba mai barinka ka tayar da ita a zauren makaranta saboda hayaƙi. Mu ina za mu?

Baban Ilham (Mancesta): Ku jira Afrilu, kamar ƙadangaru.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): Allah ya shirye ku, Yallaɓai. To bari in faɗa wa yaron nan abin da bai sani ba, ko wata rana zai shiryu ya bar batir. Injin mai a sanyi ya fi ƙarfi. Iskar sanyi ta fi nauyi, kowace zuƙa tana shigo da iskar shaƙa fiye da ta lokacin zafi. Abin da ake so kawai ka buɗe allurar kafireta kaɗan, kamar tafiyar awa 1 ko 2 a fuskar agogo, mai ya ƙaru daidai da iskar. Wanda bai buɗe ba injinsa zai yi ta kuka mai daɗi yana gudu kamar walƙiya, alhali yana cin kansa, don man da ke sa santsi a cikin man tuƙin yake. Ƙarancin mai ƙarancin santsi ne.

Wahalar tana wurin tayarwa. Man nan mitanol ne da nitro da man santsi, kuma mitanol ba ya son tashi ya zama tururi a sanyi. Ga shi silindar an ƙera ta ne ta matse fistin a can sama idan tana sanyi, sai ta yi zafi take buɗewa. Idan ka dage da jan igiya a haka, sandar fistin ce ke shan wuya. Ni na'urar busar da gashin uwargida nake ara in gasa kan injin har ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, sannan in tayar. Ina sa fulogi mai zafi. Kuma nakan yanke tsohuwar safa in rufe rabin kan injin, don ana so ya zauna wajen digiri 100 zuwa 120, iskar hunturu kuwa ba ta barinsa ya kai.

Maman Afnan (Bamingam): Uwargida ta san inda na'urarta ke zuwa?

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): Hajiya a rufa asiri.

Injiniya (Winnipeg): Mai Hayaƙi, tsakani da Allah, ka fita da ita a watan Janairu? Ni na san garinku, ba mu da nisa.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): To, gaskiya daga tsakiyar Disamba filinmu yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ƙasar ma ta daskare ta zama dutse. Ina nufin Nuwamba da Maris. Amma masu hali ai Fulorida suke gudu, akwai babbar gasar da ake yi can ƙarshen Janairu, Snowbird Nationals.

Baban Ilham (Mancesta): Wadda ake yi a cikin ɗaki a kan kafet? Ita kake nufi?

Ɗan Damagaram (Liyon): Wayyo, an kashe bakin tsanya.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): Ban ce komai ba.

Maman Afnan (Bamingam): Ni dai ba ruwana da faɗan mai da batir. 'Yata ce ke tsere, shekararta 11, ni direbarta ce kuma makanikiyarta ta dole. Abin da ba wanda ya ambata shi ne mutum kansa. A waje ana tsayawa ne a kan wani dandamali mai tsawo don a hango fili duka, iska na dukanka ta ko'ina. Sitiyarin rimot da kunamar totur da kan yatsa ake jinsu, motsin bai fi na ƙwayar shinkafa ba. Bayan minti 2 yatsu sun mutu, yarinya tana juya abu ba ta jin me take juyawa. Safar hannu mai kauri kuma ba ta tuƙuwa. Sai da muka sayi wata jaka da ake zura hannu biyu da rimot ɗin gaba ɗaya a ciki. Kuma kana gama naka tseren ba zama za ka yi ba, dole ka shiga fili ka tsaya kana tayar da motocin rukuni na gaba idan sun kife. Minti 5 a sama, minti 5 a ƙasa, ƙafa a jiƙe.

Sannan ga gajartar rana. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa a tsakiyar ranar tsere, kusa da kusa. A zaure ko ba komai akwai ruwan ɗumi na alwala da lungun da za ka shimfiɗa darduma. A fili kuwa sai bayan mota.

Baban Ilham (Mancesta): Wannan ita ce maganar. Duk da haka kar in yi wa waje rashin adalci, akwai kulob-kulob a nan da ba sa rufewa, masu filin ciyawar roba. Na yi hunturu 2 a irinsu. Abin da zai haukata ka shi ne filin da ka gani da ƙarfe 9 ba shi ne na ƙarfe 1 ba. Da safe raɓa ta daskare a kan ciyawar, mota na sulɓi kamar a kan sabulu. Rana na ɗagowa ta narke ya zama jiƙaƙƙe, wani riƙon daban. Idan aka yi sa'a iska ta busar da shi, sai riƙo ya dawo da ƙarfi har mota ta riƙa kifewa a kwana. Ɓangaren da inuwar bishiya ta rufe kuma yana nan da ƙanƙararsa har a tashi. Taya kala 3 za ka tanada. Masu amfani da tayoyin kamfanin Schumacher sun san ƙa'idar: mai alamar rawaya ta busasshen fili, mai alamar azurfa ta jiƙaƙƙe. Wanda ya iya karanta fili ya ci, ko da motarsa ba ta kai ta wasu ba. Wannan daɗin kam babu shi a kafet, na ba Mai Hayaƙi wannan.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): A rubuta, a sa kwanan wata.

Ɗan Gwammaja (Lids): Akwai wani abu kuma da na lura. Jiya idan ta hau ɗan tudu sai ta riƙa dira daɓas, kamar shokazoba ba sa aiki.

Baban Ilham (Mancesta): Man cikinsu ne ya yi kauri. Lamba nawa ka zuba?

Ɗan Gwammaja (Lids): 450 aka rubuta a kwalbar.

Baban Ilham (Mancesta): Sauko 400, in ka ga har yanzu da nauyi ka gwada 350 a baya. Man silikon bai kai man injin mota saurin daskarewa ba, amma a 'yar mota mai nauyin kilo 1 da rabi ɗan bambancin nan ana jinsa. Ka ajiye na 450 ɗin, za ka neme shi a Mayu.

Ɗan Jos: Ina ta karatu ina dariya. Ku kuna kuka da ƙanƙara, mu namu hunturun ƙura ce. Nan Jos da asuba a Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 10, na kan ji motar ta ɗan yi sanyin jiki a fitar farko, amma bai kai a ce ta mutu ba. Abin da ke cinye mu shi ne bujin nan mai laushi kamar hoda. Yana shiga boris, yana shiga giya, in ka juya taya da hannu sai ka ji tana ƙarar yashi. Wani abokina mai ta mai bai shafa wa soson tace iska mai ba, fita 2 injin ya daina matsewa. Kuma maganar Injiniya ta bushewar roba, nan ma haka ne, don a hunturu leɓen mutum ma tsagewa yake balle nailan.

Injiniya (Winnipeg): Ƙurar nan mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ƙasan tsohon tafki ne da ya ƙafe, shi ya sa take da laushi haka. Ka sa boris masu murfin roba, kuma kar ka cika musu mai a waje, don mai ne ke kama ƙurar ya zama kamar sanfefa. Mu kuma namu abokin gabar gishiri ne da ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke. Ɗan Gwammaja, filin ajiye motocin da kake zuwa tabbas an watsa masa. Kana dawowa ka goge ta da tsumma mai ɗanshi, ka busar, ka ɗiga mai a boris da ƙusoshi, in ba haka ba kafin mako ka ga tsatsa. Kuma idan ka shigo da ita daga sanyi za ta yi gumi kamar kwalbar lemo, har cikin na'urorin. Kar ka kunna ta sai ta bushe.

Kawu Tanko (Kano): To ni yanzu jikana ya ga hoton da Ɗan Jos ya sa ya tasa ni gaba. Nawa ake sayar da abin?

Ɗan Damagaram (Liyon): Kawu an shigo motar gwangwani ke nan.

Kawu Tanko (Kano): Na yaro ne, ja'iri.

Baban Ilham (Mancesta): Kawu ku bari in na tashi zuwa gida in taho masa da tsohuwar motar Ilham ƙirar kamfanin Tamiya, tana nan lafiya lau. Ku dai tanadi burushi saboda ƙura.

Ɗan Gwammaja (Lids): Jama'a na dawo da rahoto. Wannan Asabar batir a ɗaki ya kwana, na kai shi fili a kula yadda Hajiya ta ce. Digiri 3 ne, ya ba ni minti 13. Mai shago ya fita, Allah ya yafe mini zargin da na yi masa. Jiya da daddare kuma na je zauren wani kulob da ke kusa da mu. Mu 8 ne a rukunin 'yan koyo, na zo na 8, wani yaro da bai kai kafaɗata ba ya zagaye ni sau 3. Tayoyina na waje ne, a kafet motar sai kifewa take a kowace kwana. Na kuma karya ɗaya hannun, wannan karon ba sanyi, shinge na daka.

Mai Hayaƙi (Miniyapolis): Ka ga abin da kafet ke jawowa.

Baban Ilham (Mancesta): Rabu da shi. Tambayi masu kulob ɗin wace taya suka yarda da ita, yawanci iri ɗaya suke tilasta wa kowa don kar a yage musu kafet. Ka sauke motar ƙasa kaɗan, ka shafa gam mai ƙarfi a gefen tayoyin gaba na waje, zai rage kifewar. Hannu kuma sayi 2 kowane gefe.

Ɗan Gwammaja (Lids): An gama, Baba. Sun ce in zo ƙarfe 6 ranar Juma'a in taya su shimfiɗa kafet.

Maman Afnan (Bamingam): Tafi da takalmi mai laushin ƙasa, ba sa bari a taka musu da na waje. Kuma tukunyar da za ka dafa hannayen, kar ta zama ta miya.